Dusar ƙanƙara daban, daskararriyar ƙanƙara daban

Wani dattijo daga Abu Na'ama ta jihar Sinnar ya aiko da tambaya. Ɗansa yana karatu a Maroko, kuma abokansa sun shirya hawa dutsen Tubkal a watan Janairu. Sun ce masa za su karɓi hayar faffaɗan takalmin tafiya kan dusar ƙanƙara, don haka babu abin tsoro. Dattijon yana so ya ji ko ya bar ɗan nasa ya tafi.

Baba, takalmin yana da amfani, amma ba a ko'ina ba. Ka san yadda baƙar lakar gonakinmu na bakin Nilu take haɗiye ƙafa da damina, alhali in an shimfiɗa katako sai a wuce lafiya. Aikin wannan takalmi ke nan: yana raba nauyin mutum a kan faɗi don kada ya nutse cikin dusa mai laushi. Matsalar tana farawa ne idan rana ta narkar da saman dusar, dare ya sake daskarar da ita, ta wayi gari da tauri da santsi. A irin wannan gangare faɗin takalmin cutarwa yake yi, musamman wajen saukowa ko ratsa gefen dutse, domin ƙafa ba ta samun wurin kafewa. Ƙananan haƙoran da ke ƙarƙashinsa ba a yi su don tudu mai tsauri ba. Wanda ya zame a can ba ya tsayawa sai ya daki dutse.

Tubkal shi ne mafi tsayi a Arewacin Afirka, mita 4,167. Daga ƙauyen Imlil ake tashi, a kwana a masaukin da ke wajen mita 3,200. Daga nan zuwa sama, da hunturu, abin da ake buƙata shi ne takalmi mai tauri da aka ɗaura wa ƙarafa masu tsini, da gatarin ƙanƙara, da kuma wanda zai koya wa mutum yadda ake tsai da kai da gatarin idan an faɗi. Hukuma ta wajabta tafiya da ɗan jagora mai lasisi. In ya ce a koma, a koma, ko da ƙololuwar tana gaban ido.

Abin da ya fi damuna shi ne shi kansa sanyin, don yaron da ya tashi a jihar Sinnar bai san harshensa ba. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6, ga iska kuma. Kada ya sa rigar auduga a jikin fata. Tana shan gumi ta riƙe, da ya tsaya hutawa sai ta zame masa ƙanƙara. Ya sa ulu ko yadin roba, kaya hawa-hawa, da safar hannu ta canji a jaka. Yatsan da ya daina ciwo ya yi tauri, ya koma toka-toka, ya fara daskarewa ke nan, kuma a baƙar fata ba a saurin ganewa. Ba a murza shi, ba a kara shi da wuta. A ruwa mai ɗumi ake sa shi, digiri 37 zuwa 39, shi ma sai an isa inda ba zai sake daskarewa ba. Batun alwala ya tambayi malami tun kafin tafiya game da shafa a kan huffi da taimama, kada ya mai da jiƙaƙƙiyar ƙafa cikin takalmi.

Shawarata, Baba, ka bar shi ya yi yawonsa da faffaɗan takalmin a kwari tare da ɗan jagora. Ƙololuwar kuwa ya jira watan Yuni ko Yuli, lokacin da ƙanƙarar ta narke daga hanya.