Barin Biyan Kuɗin Dish

Nasarawa unguwa ce a cikin Birnin Kebbi. Wanda ya ratsa ta ya ɗaga kai zai ga wani abu mai kama da faranti bisa rufin gidaje da yawa. Shi ake kira dish. Aikinsa kamo hotunan da tauraron ɗan Adam ke aikowa daga sama. Waya ta kai su cikin wani ɗan akwati mai suna dikoda, ita kuwa ta miƙa wa talabijin.

Talabijin bai daɗe ƙwarai a ƙasarmu ba. A Ibadan aka buɗe tashar farko cikin 1959, ta Kaduna ta biyo baya cikin 1962. Daga baya kamfanoni suka zo da tashoshi barkatai. An soma DStv cikin 1995, StarTimes ta shigo Nijeriya cikin 2010, GOtv kuwa cikin 2011. Waɗansu da dish ake kama su, waɗansu da eriya. Amma kallonsu ba kyauta ba ne. Kowane wata sai an biya, in ba a biya ba a rufe tashoshin.

To, cikin 2023 gwamnati ta janye tallafin man fetur. Kuɗin mota ya hau, abinci ya yi tsada, man janareto ya gagari mutane da yawa. Kuɗin kallo ma aka yi ta ƙara shi. Kamfanin da ke da DStv da GOtv ya ce daga Afrilu zuwa Satumba na 2024, masu biya har 243,000 suka daina a Nijeriya.

Me ke sa maigida ya daina? Lissafi ne. In wata ya ƙare sai ya zauna ya jera bukatun gidansa: ga shinkafa da gero, ga magani, ga littattafai da kayan makaranta. In kuɗi ba su isa duka ba, tilas a bar wani abu. Ana iya kwana ba kallo, amma ba a so yaro ya kwana da yunwa. Hausawa sun ce, iya kuɗinka iya shagalinka.

Da fari abin ba ya yi wa yara daɗi. Babu ƙwallon Turai, babu wasannin da suka saba gani. Wani yaron har kunya yake ji in abokansa suna labarin wasan jiya. Alhali kuwa babu abin kunya a nan. Uban da ya fifita karatun ɗansa bisa kallo ya cancanci yabo.

Gidan ma ba ya zama kufai. Akwai tashoshin da ake kamawa kyauta, kamar NTA, ga kuma rediyo. Bayan magariba yaro ya sami sukunin yin aikin da malam ya ba shi. Bayan lisha a shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, a yi kacici-kacici. Kaka ya ba da labarin Kanta, Sarkin Kabi wanda ya gina birnin Surame, ko na bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma cikin 1934, inda masunta ke faɗawa ruwan Matan Fada da homa da gora. Sa'an nan a kwanta da wuri, a tashi da wuri, ba mai gyangyaɗi a aji.

Saboda haka yaro mai hankali ba ya matsa wa ubansa da kukan kallo. Sai ya yi haƙuri, ya ɗauki littafinsa.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin dish?
2. A wace shekara aka buɗe tashar talabijin ta Kaduna?
3. Me ke sa maigida ya daina biyan kuɗin kallo?
4. Faɗi abu 3 da yaro zai yi da dare in babu kallo.