Hawa da Sauka a Tsarkiyar Goge

Ɗan'uwa ɗalibi, idan ka je hutu Dutsin-Ma ko Kurfi ka dawo da goge ko kukuma, kada ka fara da kwaikwayon Garba Liyo ko Ahmadu Doka. Za ka sha dariya a hostel, ka rataye abin a ƙusa, shi ke nan.

Biyolin na Turawa tsarkiya 4 gare shi, goge kuwa ɗaya tal, ta gashin wutsiyar doki. Babu wata alama a sandar da za ta nuna maka inda za ka sa yatsa, kuma ba a danne tsarkiyar har ta taɓa sandar. Taɓa ta kawai ake yi. Kenan kunnenka ne malaminka.

Ka shafa ƙaro a izga, ka ja tsarkiya ba yatsa, a hankali, har ƙarar ta daina kukan ƙyaure. Wannan kaɗai zai iya cin mako guda, kuma a nan ne akasarin mutane ke gudu. Daga nan sai ka ɗora manuniya, ka rera sautin da bakinka tukuna, yatsa ya bi murya. Yawancin kiɗanmu a kan sauti 5 yake yawo, don haka ka hau su ɗaya bayan ɗaya, ka sauko. Saukowar ce mai wuya, wallahi, domin yatsa kan zame ƙasa ba ka sani ba. Ka naɗi kanka a waya ka saurara; ba ta jin kunyarka.

Minti 15 kullum ya fi awa 3 ranar Asabar. Da damina fatar kan saki, sai ka ɗan shanya gogen a rana kafin ka fara.