Juyen mai na farko ga sabon moto

Ɗan'uwa manomi, ka sayar da wake ko albasa, ko ka fid da sa daga garke, ka sayi sabon moto. Allah ya sanya albarka. Da shi za ka kai kaya kasuwa. Da shi za ka kai mai naƙuda likita cikin dare. Kuɗin da ka zuba a kansa gumin shekara ne, watakila ma shekara biyu.

Darasinmu na yau a kan abu guda yake. Man da ka tarar cikin injin ba na zama ba ne. Sai ka zubar da shi da wuri, ko da moton yana tafiya lafiya. Wannan shi ne juyen mai na farko, wanda masu gyara ke kira bidanji.

Mi ya sa ake juye man sabon inji?

Ka san sabon dutsen niƙa. Garin farko da aka niƙa a kansa ba ya rasa tsakuwa, don dutsen da ɗansa ba su saba da juna ba tukuna. Haka sabon inji yake. Fistan da zobbansa da haƙoran giya suna gugar juna har su zauna daidai. Wajen gugar nan suna zubar da garin ƙarfe. Garin yana shiga cikin mai, man kuwa yana zagayawa da shi ko'ina. In ya daɗe a ciki sai ya riƙa cin injin kamar yashi.

Ƙananan motocin da muke hawa, masu lamba 100 zuwa 150, mansu kaɗan ne: litir 1 ko ƙasa da haka. Wannan ɗan man shi ke sa ƙarafa santsi, shi ke rage musu zafi, shi ke wanke datti. Shi ɗaya ke aiki ga injin da giya da ambiriyaji, wanda waɗansu ke kira kuloci. Ga kuma zafin ƙasarmu, wanda kan wuce awo 40 cikin watan Afrilu da Mayu.

Wanda ya yi sakaci ba zai ga kome ba a watan farko. Daga baya ne moto zai soma hayaƙi, ya riƙa shan mai, ya kasa hawan tudu da kaya. Sai an buɗe inji. Kuɗin buɗe inji ya ninka kuɗin litir guda sau da yawa. Rigakafi ya fi magani.

Yaushe ake yin sa?

Duba littafin da aka ba ka tare da moton. Yawancin masu ƙerawa suna cewa tsakanin kilomita 500 da 1000. Daga Maraɗi zuwa Damagaram, zuwa da komowa, ya kusa kilomita 500. Ke nan ba nisa ba ne: mai zuwa kasuwanni kullum zai cika shi kafin wata ya ƙare. Ka riƙa duba agogon kilomita.

Kafin lokacin, ka bi moton a hankali, kamar yadda ake horon ɗan maraƙi ga galma. Kada ka murɗe wuta har ƙarshe. Kada ka labta masa buhuna.

In mai sayarwa ya ba ka takardar garanti, tambaye shi tukuna. Wani yakan ce sai a wurinsa za a yi juyen farko, in ba haka ba garantin ya faɗi.

Wane mai za ka saya?

Ka sayi gwangwani ko gora mai rufe, wadda ba a taɓa buɗewa ba. Karanta jikinta. Ka nemi alama 4T, wato man moto mai zagaye huɗu. Mai alamar 2T na injin da ake gauraya wa mai cikin isansi ne, kada ka zuba shi. Ka nemi lambar kauri da littafinka ya faɗa, kamar 20W-50 ko 10W-40. In ka ga an rubuta JASO MA, man ya dace da ambiriyajin moto. Wani man mota yana sa ambiriyaji sulɓi.

Man da ake aunawa cikin kwalba bakin hanya, ba ka san abin da ke cikinsa ba. Araha ba ta ado.

Kayan aiki: kile mai zobe daidai da kan ƙusar juye, galibi lamba 17 ko 24; tsohuwar tasa; mazurari; tsumma mai tsabta; kananzir kaɗan.

Yadda ake aikin

1. Tada moton ya yi minti 3 zuwa 5, sa'an nan ka kashe. Mai ɗumi ya fi gudu, kuma yana fitowa da garin ƙarfen.

2. Kafa shi bisa ƙafar tsakiya, a wuri mai daidai, inda iska ba ta kawo rairayi. Shafe bakin zuba mai da gindin injin.

3. Cire murfin sama, mai sandar awo. Aje tasa a ƙasa. Kwance ƙusar juye, kana murɗawa hagu. Ka yi hattara, man da salansa suna da zafi.

4. Bar shi ya tsiyaye sarai. Da makulli a kashe, taka abin tadawa sau uku ko huɗu, sauran ya fito.

5. Kai tasar cikin rana ka duba. Ƙyalƙyali mai laushi kamar gari ba laifi ba ne ga sabon inji. Amma in ka ga gutsuren ƙarfe kamar ƙwayar hatsi, kada ka tada moton. Nuna wa mai gyara ko wanda ya sayar maka.

6. Yanzu sai matata, wato filtir. Iri biyu ne. Motoci da yawa an kwaikwayi injinsu daga Honda CG125, wanda ya fito a 1975. Irin waɗannan, in ka cire babban murfin juye na gefen hagu, sifirin da wata ƴar rariya ta ƙarfe za su biyo shi. Jera su bisa tsumma yadda suka fito. Wanke rariyar da kananzir, ta bushe, ka mayar da ita yadda take. Waɗansu motoci kuwa matatarsu ta takarda ce. Ita ba a wanke ta, sabuwa ake sawa. In rariyar motonka tana can cikin inji, bar wa mai gyara.

7. Duba zoben roba ko na ƙarfe da ke wuyan ƙusar. In ya tsage ko ya lotse, sake shi.

8. Mayar da ƙusar da hannu tukuna har ta zauna, kana ka ɗaure da kile. Kada ka hau kanta da ƙarfi. Jikin injin alminiyom ne, ya fi ƙusar taushi. In haƙoransa suka cinye, mai zai riƙa ɗiga, gyaran kuma da wuya.

9. Zuba sabon mai da mazurari, daidai awon da littafi ya ce. Kada ka ƙara don kana so ka kyautata. Mai in ya yi yawa yana kumfa, yana ɓalle robobi.

10. Rufe, ka tada moton minti 2 ba tare da ba shi wuta ba. Kashe, ka jira kaɗan. Shafe sandar awo, ka tsoma ta. Ga yawancin motoci ba a murɗa ta wajen awo. Man ya tsaya tsakanin zane biyu. Leƙa ƙasa ka tabbata ba ya ɗiga.

Ina za ka kai tsohon man?

Kada ka zubar da shi kusa da rijiya, ko cikin garka, ko inda dabbobi ke sha. Yana ɓata ruwa da ƙasa. Kada a shafa shi ga gyambon jaki ko ƙazuwar raƙumi, dafi ne ga fata. Zuba shi cikin gora ka toshe, nesa da yara, ka kai wa masu garaji. Wanke hannunka da sabulu.

Nan karatunka zai yi maka rana

Ɗauki alƙalami. A bayan littafin moton rubuta abu uku: ranar da ka yi juyen, lambar da agogon kilomita ya nuna, da irin man da ka zuba. A ƙasa rubuta lambar da za ka sake juyewa. Mai bin hanyar rairayi da ƙura kada ya jira lambar littafi ta cika, ya yi kafin nan. Kowane mako kuma ka duba sandar awo. Ran da za ka sayar da moton, wannan rubutun shaida ne gare ka.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Mi ke cikin man sabon inji da ke sa a juye shi da wuri?
2. Mine ne bambancin 4T da 2T?
3. Wace matata ake wankewa, wace ake sakewa?
4. Agogon motonka ya nuna kilomita 320. Littafi ya ce a juye ga 500. Kilomita nawa suka rage?