Gyara Kusurwarka Kafin Kiliyarans

Makon jiya kwana biyu na yi ina neman rasit ɗin kuɗin makaranta na shekarar farko, ga kiliyarans ya matso. A ƙasan Gana-mas-go na tsinto shi, cikin garin kwaki, ɓera ya ci gefe. Wallahi sai da na yi gumi.

'Yan injiniya sun san tsarin 5S na masana'antun Japan. Matakinsa na farko shi ne ware abin amfani daga tarkace, na biyu a ba kowane kaya mazauninsa. Haka za ka yi wa kusurwarka a hostel.

Zazzage komai kan katifa, ka kasa uku: na amfani, na kyautarwa, na shara. Takardun lakcar bara, miƙa wa 'yan ND I, sa yi maka addu'a. Rasit, takardar admishan da katin jarrabawa su shiga fayil ɗaya, ka ɗauki hotonsu a waya. Kayan abinci sai roba mai murfi. Risho da kananzir kuwa, nesa da katifa.

Duk Asabar ka ba ɗakin minti goma. In ka bari sai ƙarshen zango, to shirya wa irin gumina.