Zogale da Gubar Dalma

Wata mai sauraronmu daga Jekadafari a Gombe ta tambaya: shin zogale da zoɓo suna kare ƙoda daga gubar dalma?

To Malama, dalma takan ci ƙoda a hankali, kuma gwaji a kan ɓeraye ya nuna sinadaran ganye irin zogale suna rage ɓarnar. Amma kada ki dogara da su su fitar da dalma daga jini. A Zamfara a 2010 yara sama da 400 suka rasu sakamakon gubar dalma. Maganin asibiti da kwashe gurɓatacciyar ƙasa ne suka ceci saura. Ki ci gaba da kwaɗon zogalenki, ki raba yara da kwallin dutse da tsofaffin batura. In kina shakka, ki kai yaro Asibitin Koyarwa na Tarayya likita ya duba shi.