Amsoshin Tambayoyinku: Biki A Kurfi, Makaranta A Dutsin-Ma

TAMBAYA

Ni matar aure ce, muna zaune a Dutsin-Ma, amma gidan su maigidana yana Kurfi. Za a aurar da ƙanwarsa, autar ɗakinsu, kuma bikin ya faɗo a tsakiyar zangon karatu. Hutunsa na wurin aiki ma ya zo daidai da lokacin, shi ya sa yake so mu tattara gaba ɗaya mu tafi Kurfi, in an kai amarya mu wuce Kano wurin yayarsa, mako uku ke nan gaba ɗaya. Hajiya mahaifiyarsa ta riga ta aiko cewa tana son jikokinta su iso tun kafin ranar kamu. Yaranmu uku ne: babbar tana aji uku na ƙaramar sakandare, mai bi mata namiji ne yana aji biyar na firamare, ƙaramin kuma yana aji ɗaya. Maigida ya ce yara ne, in mun dawo za su kamo. Ni dai hankalina bai kwanta ba, amma ba na so a ce ni ce mai raba yara da danginsu. Shin akwai doka a kan wannan? Kuma yaya zan yi?

Daga wata mai karatu, Dutsin-Ma

AMSA

Allah Ya sanya alheri a auren, Ya ba su zaman lafiya. 'Yar'uwa, rashin kwanciyar hankalin nan naki yana kan hanya. Shawarata ita ce a je biki, yara su ga kakarsu, amma kada a kwashe su mako uku. Kuma kada a yi musu kuɗin goro, domin asarar da kowannensu zai yi daban take.

Bari in fara da dokar, tunda kin tambaya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta shekarar 2004 ta wajabta wa iyaye a Nijeriya su tabbatar ɗansu ya yi karatu na shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, har ya kammala. Wanda aka kama da saɓa mata, karon farko gargaɗi ne, karo na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, daga nan kuma naira 5,000 ko wata biyu. Amma an yi ta ne don masu hana yara makaranta ɗungurungum, ba wanda zai kai ku kotu saboda bikin Kurfi. A Ingila ne abin yake da tsauri. Can, tun daga watan Agusta na 2024, iyayen da suka tafi yawon hutu da yaro ana cikin zangon karatu ba da izini ba suna iya shan tarar fam 80, kowane mahaifi a kan kowane yaro, in kuma suka wuce kwana 21 ba su biya ba ta koma fam 160. A 2017 har gaban Kotun Ƙolin ƙasar aka je da wani uba da ya tafi da 'yarsa Amurka yawon shaƙatawa. Hujjarsa ita ce yarinyar ba mai fashi ba ce a sauran kwanakin shekara, kotu kuma ba ta karɓa ba. Cikin dalilan da ta bayar har da cewa fashin yaro ɗaya yana shafar malaminsa da sauran 'yan ajin. Su can arhar kuɗin jirgi ce take jan iyaye. Mu nan zumunci ne yake janmu, wanda ya fi arhar jirgi daraja nesa ba kusa ba, shi ya sa ma ƙin amsa kiransa ya fi wuya.

To, ga lissafin. Zangon karatu bai cika wuce mako goma sha biyu zuwa sha uku ba, kuma a ciki akwai makon komawa, wanda mu da kanmu muka saba salwantar da shi musamman bayan Sallah, ga makon bita, ga na jarrabawa. In kika cire waɗannan, mako ukun da maigida yake magana ya kusan kashi ɗaya cikin uku na kwanakin da ake koyarwa da gaske. A tsakiyar zango kuma ake yin gwaje-gwajen da ake tara makinsu, waɗanda a makarantu da yawa suke ɗaukar kashi 30 ko 40 cikin ɗari na sakamako. Yaron da ba ya nan ranar gwaji, sai dai in malami ya yi masa alfarma.

Yanzu ga inda nake so ki tsaya ki duba da kyau. Yaron da kowa zai ce ba komai in ya yi fashi, wato ɗan aji ɗaya, yana cikin waɗanda za su fi cutuwa. Mutane suna ganin ƙananan azuzuwa wasa da waƙa ne kawai, alhali nan ne ake koyon baƙaƙe da wasula, ana haɗa su su zama gaɓa, gaɓa ta zama kalma. Darasin yau a kan na jiya yake hawa. Shirin RANA da aka gudanar a makarantun firamare na Katsina da Zamfara da tallafin UNICEF, don koya wa yaran azuzuwan farko karatu da lissafi da Hausa, a kan wannan fahimtar aka gina shi, cewa yaron da bai iya karatu da wuri ba komai na gaba zai yi masa nauyi. Manomi yakan makara a noma na biyu ya gyara, amma wanda ruwan shuka ya wuce shi, duk daminar a bin baya zai ƙare ta. Ɗanki zai dawo ya tarar 'yan ajinsu suna haɗa baƙaƙen da bai taɓa gani ba. Ba zai ce miki bai gane ba, domin shi kansa bai san abin da ya wuce shi ba. Zai dai riƙa bin bakin sauran yara in ana karatu a tare, malami kuma da aji cike har bakin ƙofa ba shi da halin komawa baya saboda mutum ɗaya. Sau da yawa sai yaro ya kai aji uku ko huɗu sannan a lura ba ya iya karanta layi guda shi kaɗai, a fara cewa ba shi da ƙwaƙwalwa, alhali makonni ne suka zube masa a lokacin da bai kamata ba.

Ɗan aji biyar shi ne mai sauƙi. Ya iya karatu, zai iya aron littafin abokinsa ya kwafe abin da aka yi. Lissafi ne kawai zai nemi wanda zai zauna da shi.

Babbar kuwa, ita ce ta fi damuna. Jarrabawar kammala ƙaramar sakandare tana gabanta, wadda da ita za ta shiga babbar sakandare, kuma a wannan mataki ne 'yan mata da yawa a yankinmu suke sulalewa daga makaranta. Ba banza ba aka sa Katsina cikin jihohin farko na shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda aka tsara don 'yan mata masu irin shekarunta su ci gaba da karatu. Kin kuma fi ni sanin abin da yarinya kamarta za ta je yi a gidan biki: wanke-wanke, ɗiban ruwa, rainon 'ya'yan baƙi, aike daga wannan ɗaki zuwa wancan. Taimakon dangi tarbiyya ce, ban raina shi ba. Amma abin da na sha gani shi ne, idan kwanaki suka ja, sai a ce a mayar da namijin kada karatu ya wuce shi, ita kuwa ta zauna tunda akwai aiki. Yarinya tana ji, tana kuma fahimtar abin da ba a furta ba, cewa karatun ƙaninta dole ne, nata kuwa sai in ba wata hidima. A irin wannan taron ne kuma gwaggwanni suke fara cewa ai wannan ma ta taso. Idan har za a yi wa wani rangwame a cikin yaran nan, ita ya kamata a fara mayarwa aji.

Akwai abin da ya sa nake ganin mu mutanen wannan yanki ba mu da rarar kwanakin da za mu yi kyauta da su. A 2020 annobar korona ta rufe makarantu wata da watanni. Ana cikin farfaɗowa, a daren 11 ga Disamba na wannan shekarar aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe makarantun kwana. Tun daga nan, mutanen Kurfi da Dutsin-Ma da Safana da Batsari sun san yadda labari guda yake sa iyaye su hana yara fita da safe. A 2025 kuma Katsina da Kano da Kebbi da Bauci suka rufe makarantu saboda azumi, aka yi ta muhawara a kai. Ko mutum yana goyon bayan wannan ko ba ya yi, kwanaki ne da ba iyaye suke yanke hukunci a kansu ba. Waɗanda suke hannunku su ne irin waɗannan mako ukun. Dutsin-Ma kuwa, garin da yake da jami'ar tarayya tun 2011, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, yaransa suna ganin masu karatu kullum a kan titi. Abin da suke buƙata shi ne su ga a gida ma ana ɗaukar zuwa aji da nauyi.

Duk da haka, kada ki ɗauka ina cewa Hajiya ba ta da gaskiya. Zumunci a ƙafa yake, kuma yaron da bai san gidan kakanninsa ba, bai san wa zai gaisar da wa zai yi wa wasan jika ba, shi ma an tauye masa wani ilimi da ba a bayar da shi a aji. Auren auta kuma ba ya maimaituwa. Da rasuwa ce aka yi, ko Hajiya ce take kwance ba lafiya tana neman jikokinta, da ban tsaya lissafin makonni ba, sai in ce ku tashi ku tafi. Amma biki abu ne da aka san ranarsa, kuma sa'ar da kuka yi ita ce Kurfi ba nisa, tana kan hanyarku ta zuwa Katsina. Ke ki riga su tafiya don kamu da sa lalle, tunda ke ce matar yaya kuma idon dangi yana kanki. Yara su zauna da babansu ko wata 'yar'uwa amintacciya su ci gaba da zuwa makaranta, sai ranar Alhamis bayan an tashi, ko Juma'a, ya kawo su. Su ga ɗaurin aure, su yi yinin biki, ranar Lahadi da rana a mayar da su. Kwana ɗaya ko biyu za su rasa a madadin goma sha biyar. Na ce da rana ne da gangan: kada a yi dabarar kwana a Kurfi a riƙa sammakon kai su makaranta, ko a jira sai an kai amarya da dare sannan a kama hanya da yara. Kowa a nan ya san dalili: matsalar tsaro.

Maganar Hajiya kuwa, ba a bakinki ya kamata ta ji ta ba. Ki shawo kan maigida a ɗaki, shi ya je ya same ta. Kada ya je da cewa yara ba za su zo ba, ya je da cewa za su zo ranar kaza, kuma in an yi dogon hutu na ƙarshen shekarar karatu zai kawo mata su su yi makonni, lokacin da gida ya yi shiru za ta same su sosai, ba cikin hayaniyar biki ba da ko zama da su ba za ta samu yi ba. Ya kuma tuna mata da Islamiyya. Tsohuwar da ba ta damu da gwajin boko ba ta san abin da mako uku ba tilawa yake yi wa haddar yaro. Sai dai in ya yi alkawarin hutun, to ya cika, in ba haka ba nan gaba ba za ta ƙara yarda ba, kuma laifin a kanki zai sauka.

Ko kwana ɗaya ne za su rasa, a je makaranta a faɗa tun da wuri. Maigida ya je da kansa wurin hedimasta da shugaban makarantar babbar, ya faɗi gaskiya cewa biki ne. Kada a ce yaro ba shi da lafiya. Yaron yana ji, kuma zai dawo da lalle ko sabon ɗinki ya ba abokansa labari. Ya tambayi ranakun gwaji da abin da za a koyar a kwanakin. Malamai mutanen gari ne, su ma suna da bukukuwa, kuma wanda aka girmama aka sanar da shi ya fi saurin yi wa yaro alfarma a kan wanda sai a rajista ya ga babu shi.

Tafiyar Kano a ɗage ta zuwa hutun zango. Idan hutun aikin maigida ba ya ɗaguwa, ya je ya gaishe da yayarsa shi kaɗai, in ya so ku bi shi da yara wani ƙarshen mako.

Idan kuma duk kin yi wannan ya dage sai an tafi, kada ki mayar da abin rigima har ta kai kunnen dangi ana tsakiyar hidima. Ki roƙi abu biyu. A bar babbar a Dutsin-Ma wurin wadda kuka amince da ita, ta zo ɗaurin aure ta koma. Ƙaramin kuma ki karɓo wa malaminsa jerin baƙaƙen da za a yi a makonnin, ki sa littafinsa a jakarki ba a tasa ba, kullum bayan sallar asuba kafin gida ya tashi ki zauna da shi ko na minti ashirin ne, shi yana karantawa yana nuna baƙin da yatsa, ke kina saurare.