Wuraren da Suka Cancanci Ziyara a Arewacin Nijeriya

Dajin Yankari a jihar Bauchi ya fi daɗin ziyara da rani, lokacin da giwaye ke taruwa a bakin kogin Gaji. Ruwan maɓuɓɓugar Wikki da ke cikin dajin kuwa da ɗuminsa yake kullum. Magangarar ruwan Gurara a jihar Neja da ta Matsirga kusa da Kafanchan sun fi cika da damina, sai dai duwatsun na da santsi. A Daura akwai rijiyar Kusugu, a Katsina hasumiyar Gobarau. Sukur ta jihar Adamawa, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi a 1999, sai an hau dutse da ƙafa.

Kafin tafiya, a binciki tsaron hanya, a nemi ɗan jagora ɗan gari, a nemi izini kafin ɗaukar hoto.